Me ya sa hancina ba ya iya tsinto kayan da na haɗa da hannuna a cikin turaren wuta?

Mai Turaren Gwange ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar haɗa turaren wuta da humra a Maiduguri, kuma a hannun kakata na koya, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora komai a kan sikeli ba, da tafin hannu da murfin kwalba take awo. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure mini kai, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi gaban masu ilimi a wannan zaure.

Haɗin da aka fi sanina da shi kaya tara ne: icen sandal, hawi, gabgab, kajiji, farce, miski, madarar turare iri biyu, sai sukarin da nake narkarwa in juya icen a ciki. Ni nake saye, ni nake dakawa, ni nake zubawa, saboda haka babu abin da ke cikin kwalbar da ban san shi ba. Amma idan haɗin ya yi kwana arba'in a rufe, na ɗebo na zuba a kan garwashi, na runtse ido ina neman kayan nan ɗaya bayan ɗaya, iyakar abin da nake iya tsintowa shi ne sandal, wani lokaci da kajiji. Sauran duk sun narke sun koma abu guda, wanda ba ni da sunan da zan kira shi da shi face in ce turarena.

Abin da ya ƙara tayar da maganar ya faru ne watan jiya. Farce ya yi tsada a kasuwa, sai na rage rabin abin da na saba zubawa. Ga wanda bai san shi ba, farce marfi ne da wani dodon koɗi na teku yake rufe bakin katantanwarsa da shi, kuma ɗanyensa ƙarni yake yi kamar bandar kifin da ruwa ya taɓa, sai an jiƙa shi, an kankare, an soya, kafin ya shiga turare. Na ɗauka babu wanda zai lura, tunda ni kaina ba na jin sa a cikin hayaƙin. Kwana uku da sayarwa sai ga wata dattijuwa da ta daɗe tana saye a wurina, ta saya ne domin ɗakin 'yarta amarya, ta dawo da kwalbar ta ajiye a gabana ta ce, "Wannan ba hannunki ba ne." Ba ta ce babu farce ba, domin ba ta ma san ina saka shi ba, cewa ta yi turaren ba shi da nauyi.

Da na ba ƙanena labari, shi da ya taɓa aikin gadi a wurin da ake amfani da karnuka, sai ya ce ai hancin ɗan Adam ne ba shi da ƙarfi, da kare ne da ya lissafa kayan nan tara ɗaya bayan ɗaya. To tambayoyina su ne: shin rauni ne a hancina ko haka kowa yake? Ta yaya abu mai ƙarni, wanda ba a ma jin sa, yake riƙe da turare? Kuma maganar ƙanena a kan kare gaskiya ce?

Malamin Kimiyya daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Hancinki lafiyarsa lau, kuma abin da kika bayyana shi ne ainihin abin da ake samu duk lokacin da aka gwada mutane a natse. Wani masani a Ostareliya mai suna David Laing ya shafe shekarun ƙarshen 1980 da na 1990 yana wannan gwaji: sai a koya wa mutum wasu ƙamsoshi har ya san kowanne da sunansa, sannan a gauraya su a ce ya faɗi abin da ke ciki. Idan biyu ne mutane suna iya ƙoƙari, idan uku ne kuskure ya fara yawa, da an wuce huɗu kuwa sai a koma cinke. A 1996 shi da abokin aikinsa suka maimaita gwajin da ƙwararrun masu haɗa turare da masu haɗa ɗanɗanon abinci, mutanen da hancinsu ne abincinsu, sai aka tarar sun ɗan fi sauran mutane a haɗi mai kaya biyu ko uku, amma su ma a uku zuwa huɗun nan suka tsaya. Kenan sandal da kajijin da kike tsintowa daga kaya tara ba abin kunya ba ne.

Dalilin yana cikin yadda aka gina hancin. A can saman kogon hanci akwai wani ɗan fili da bai wuce girman kan sarki ba, cike da miliyoyin ƙwayoyin jijiya, kowacce ɗauke da irin makarɓi guda da ke kama sinadaran da iska ta kwaso. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano dangin waɗannan makarɓai a 1991, aka ba su lambar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da kimanin iri 400 masu aiki. Da a ce kowane ƙamshi yana da makarɓinsa shi kaɗai, da lissafa kayan haɗi ya zo da sauƙi, amma ba haka abin yake ba: sinadari guda yana taɓa makarɓai da dama, makarɓi guda kuma yana amsa sinadarai da dama. Abin da ke isa ƙwaƙwalwa shi ne jerin waɗanda suka motsa da gwargwadon motsinsu, ba tare da wata alama da ke nuna cewa wannan motsin na sandal ne, wancan na miski ba. Ya fi kama da wanda ya zuba shuɗin fenti a kan rawaya: idonsa kore yake gani, ko da kuwa shi ya haɗa da hannunsa, kuma duk ƙura idon da zai yi ba zai mayar masa da shuɗi da rawaya ba.

Bayan haka, sinadaran ba sa zama lafiya da juna a kan makarɓan. Wani yakan hau makarɓi ya zauna bai motsa shi ba, ya kuma hana wanda zai motsa shi samun wuri, wani kuma yakan ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi. A 2020 ɗakin binciken Stuart Firestein na Jami'ar Kolombiya da ke New York ya kalli dubban jijiyoyin hancin ɓera a lokaci guda, ya nuna cewa wannan danniya da ƙarin ƙarfi ruwan dare ne tun daga cikin hanci, kafin ma saƙon ya kai ƙwaƙwalwa. A nan nake ganin amsar tambayarki ta biyu take. Ba lallai ne a ji abu da sunansa ba kafin ya yi aiki, domin aikinsa yana iya zama danne wani da ɗaga wani, kuma idan aka rage shi jerin gaba ɗaya ne yake sauyawa. Tsohuwar nan ba rashin farce ta ji ba, wani turare daban ta ji.

Akwai misali da nake so ƙwarai daga birnin Dijon na Faransa. Suna da sinadarai biyu, ɗaya yana ƙamshin sitiroberi, ɗayan yana ƙamshin sukarin da aka narkar a wuta, irin wanda kika sani sarai. Idan aka haɗa su kashi 30 na farko da kashi 70 na biyu, mutane sai su ce abarba suke ji, alhali babu abarba ko ɗigo a ciki. Idan aka juya awon, abarbar sai ta gudu, a koma jin sitiroberi da sukari. Kayan ba su canza ba, awo ne kawai ya canza.

Game da farce shi kansa, wasu masu bincike a Ostareliya sun ƙona irinsa a 2017 sun auna hayaƙin, suka sami sinadarai dangin fenol, waɗanda aka sani da riƙe ƙamshi ya daɗe. Sun kuma lura cewa wani sinadari mai guba yana iya kasancewa a ciki ko ya ɓace gwargwadon yadda aka gyara shi, don haka jiƙawa da wankewar da kakarki ta koya miki ba al'ada ce kawai ba. Abu mai wari a cikin turare kuma tsohon zance ne. Jibda a tsantsarta ba ta shaƙuwa, furen yasmin kuwa yana ɗauke da indol, sinadarin da ake samu har a cikin bayan gida.

Likitan Dabbobi daga Bauchi ya amsa:

Malam ya gama da ɓangaren mutane, ni kuma bari in ɗauki maganar ƙanen Hajiya, domin magana ce da masu horar da karnuka suke yawan faɗa, wai mutum miya yake ji, kare kuwa kuka daban, daddawa daban, barkono daban yake ji. Akwai gaskiya a ciki, amma an zuzuta ta fiye da abin da gwaji ya nuna. Gaskiya ne cewa kare yana da irin makarɓai kusan 800, ɓera yana da sama da 1,000, giwar Afirka kuwa kusan 2,000, kuma kare yana jin wasu abubuwa a ƙanƙantar da hancinmu ba zai kama ba. Sai dai jin abu kaɗan daban, warware haɗi daban.

A 2014 masu bincike a wata jami'a da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun horar da karnuka a kan tsantsar wani farin sinadari, irin wanda ake sakawa a kan ashana, har suka ƙware wajen nuna shi. Da aka gauraya shi da wasu abubuwa aka ajiye musu, mafi yawansu suka wuce ba su nuna ba, alhali abin da suke nema yana nan a ciki. Sai da aka sake horar da su a kan gauraye-gauraye kafin suka gyaru. Da a ce kare yana lissafa kayan haɗi kamar yadda ake faɗa, da babu buƙatar wannan horo na biyu.

Misalin abarbar da Malam ya kawo ma an gwada shi a kan jariran zomo, a can Dijon ɗin. Uwar zomo sau ɗaya take shayarwa a yini, na 'yan mintuna kaɗan, 'ya'yan kuma idonsu a rufe yake, da hanci suke lalubo nono. A cikin nonon akwai wani sinadari, wanda Benoist Schaal da abokan aikinsa suka bayyana a 2003, da ke sa jaririn ya fara wawure-wawuren neman tsotso nan take, kuma duk ƙamshin da aka haɗa da shi sau ɗaya, washegari jaririn zai amsa masa. Da aka koya musu ƙamshin sitiroberi kaɗai, aka kawo musu haɗin 30 da 70, ba su motsa ba, kamar ba su taɓa jin komai a cikinsa ba. Da aka kawo haɗin 68 da 32 sai suka amsa. Wato zomon da bai cika kwana uku a duniya ba, a daidai awon da mutum yake jin abarba, shi ma wani sabon abu yake ji.

Ban ce dabba ba ta iya tsinto abu daga cikin tarkace ba. A Jami'ar Harvard, a 2014, an horar da ɓeraye su gane ko wani ƙamshi guda yana cikin haɗin da ya kai kaya sama da goma, kuma sun yi abin a zo a gani, duk da cewa kuskurensu yana ƙaruwa idan kayan suka yi yawa, musamman idan sun yi kama da wanda ake nema. Amma a lura da irin tambayar da aka yi musu: ba a ce su lissafa abin da ke ciki ba, an ce ne akwai wane ko babu. Wannan shi ne aikin karen kan iyaka, kuma shi ne aikin gafiyar da ƙungiyar APOPO take horarwa a Morogoro ta Tanzaniya domin gano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina. Haka ne, 'yar uwar gafiyar nan ce da yaranmu suke haƙa a bayan gari.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wurin ƙwari, domin can ne aikina ya fi kai ni. Tun a shekarun 1970 Glyn Vale ya nuna a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe cewa ƙudan tsando, mai kawo wa shanu sammore, warin shanu yake bi tun kafin ya hango su. Daga nan aka fara rataya wa tarkon shuɗi da baƙin ƙyalle kwalabe: asiton, irin wanda mata suke goge jan farce da shi, da wani sinadari na numfashin shanu, da wasu dangin fenol na fitsarin shanu. Kowanne shi kaɗai ɗan abin da yake jawowa kaɗan ne, a haɗe kuwa kamun yakan ninka. Tsandon bakin rafi, wanda ya fi yawa a wurarenmu, bai cika damuwa da waɗannan kwalabe kamar na daji ba, kuma wannan ma darasi ne, cewa kowane iri da haɗin da ya karɓe shi. A cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi kuma sun bi ta ɗaya hanyar: sun lura tsando yana ƙyamar gwambaza, wata dabbar daji dangin barewa, suka tsamo sinadarai huɗu daga warin jikinta, suka zuba a abin wuya suka rataya wa shanu.

Awo kuwa, babu wanda ya kai ƙwari tsanani a kansa. Akwai wani malam-buɗe-littafin dare a Turai da Amurka wanda tsutsarsa take huda karan masara. Jinsin ya kasu gida biyu, kuma matan gidajen biyu sinadarai biyu iri ɗaya suke fitarwa domin kiran namiji, sai dai ɗaya gidan 97 da 3 yake haɗawa, ɗayan kuma 1 da 99. Namijin kowane gida haɗin gidansu yake bi. Tsohuwar da ta dawo wa Hajiya da kwalba ba ta yi abin da wannan ƙwaron ba ya yi ba.

Baban Ikram daga Katsina ya amsa:

Malam da Likita, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan iyakar uku zuwa huɗun nan. Mahaifiyata idan aka kawo mata miyar kuka daga wani gida, tun kafin ta kai loma baki za ta ce an saka daddawar kalwa, da citta, da kanumfari, da masoro, da busasshen kifi, an kuma cika kanwa, kuma da wuya ta yi kuskure. Wannan ya haura huɗu. Ina jin mutanen da aka gwada ɗin nan ba su tashi a gaban murhu ba ne.

Ina kuma zargin cewa harshe yana da hannu. Na karanta aikin Asifa Majid a kan mutanen Jahai na dajin Malesiya, wanda ya fito a 2014, inda aka ga suna kiran sunan wari cikin sauƙin da suke kiran sunan launi, alhali masu jin Turanci da aka gwada tare da su sai kame-kame suke yi, suna cewa kamar kaza, kamar kaza. To mu ma ai ba baya ba ne. Muna da ƙamshi da wari da ɗoyi, muna da ƙarni na kifi da jini da ɗanyen nama, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami, da gafi na ɗanyen wake. Wanda yake da sunayen nan a baki, ashe ba zai fi iya rarrabewa ba?

Sai dai akwai abin da ya same ni wanda ya goyi bayanku, kuma adalci ne in faɗa. Bayan na yi cutar korona jin ƙamshi ya ɗauke mini ɗungurungum na wasu makonni, da ya fara dawowa kuma sai ya dawo a karkace. Ranar da maiɗakina take soya albasa a man gyaɗa, ƙamshin da tun ina yaro yake sa ni leƙa kicin, sai na ji kamar an cinna wa tsohuwar taya wuta a tsakar gida, har na fito ina faɗa ina tambayar wanda yake ƙona roba. Tsire ma haka, watanni ban iya wucewa ta gaban mai tukuba ba. Albasar ba ta canza ba, man bai canza ba, amma abin da ke haɗa su ya zama ƙamshin girki ya kwance a cikin kaina.

Malamin Kimiyya daga Zariya ya sake amsawa:

Baban Ikram, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya same ka an bincike shi a Jami'ar Reading ta Ingila, inda Jane Parker da abokan aikinta suka rarraba ƙamshin kofi sinadari bayan sinadari suna ba masu irin lalurarka suna shaƙa. Sai aka ga wasu 'yan tsirarun sinadarai masu tsananin ƙarfi ne suke tayar da ƙyamar, kuma danginsu suna fitowa a gasasshen nama da sauran abubuwan da wuta ta taɓa. Bayanin da ya fi zauna mini shi ne jijiyoyin ba sa farfaɗowa a lokaci guda, don haka jerin da ƙwaƙwalwa ta saba karɓa sai ya iso da giɓi, masu ƙarfin nan su fito tsirara babu masu lulluɓe su.

Game da Hajiya mahaifiyarka, ban musa ƙwarewarta ba, amma ina roƙon ka duba abu biyu. Na farko, ta san abin da ake sakawa a miyar kuka tun kafin a buɗe kwanon, saboda haka ba lissafi take yi daga babu ba, tana auna miyar ne da wadda ke cikin kanta, tana tambayar akwai wane ko babu, sau ɗaya bayan ɗaya, irin tambayar ɓerayen Likita. Na biyu, wasu kayan suna da murya guda mai kauri. Mafi yawan man kanumfari sinadari ɗaya ne, shi ya sa yake fasa kowane haɗi ya fito. Ita daddawa kuwa ba abu guda ba ce, tarin sinadarai ne da ƙananan halittun da ido ba ya gani suka samar a kwanakin da kalwa ta yi a rufe, amma hanci ya ɗaure su ya ba su suna ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da muke magana a kai. Sunayen da ka lissafa ma haka suke: ƙarni ba sinadari ba ne, haɗi ne da harshenmu ya yi wa suna. Na yarda harshe yana taimakawa wajen kira da tunawa, amma ƙwararrun da Laing ya gwada ba sunaye suka rasa ba.

Hajiya, akwai abu biyu da za su amfane ki a sana'a. A 2014 masu bincike a Munich ta Jamus sun tattara abin da aka sani a kan abinci, suka ga cewa daga cikin sinadarai masu tashi kusan 10,000 da aka samu, kimanin 230 ne kawai suke gina ƙamshin, kuma kowane abinci da 3 zuwa 40 yake tsaye. Hanyar da ake gane su ita ce a sake gina ƙamshin, sannan a cire abu ɗaya a ga ko mutane za su lura, wato abin da tsadar farce ta sa kika yi ba da niyya ba. Na biyu, a 2012 ɗakin binciken Noam Sobel a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya nuna cewa idan aka haɗa sinadarai 30 ko fiye, mabambanta, aka daidaita ƙarfinsu, haɗe-haɗen sukan koma kama da juna ko da babu sinadari ɗaya da suka yi tarayya a kansa. Sharaɗin daidaita ƙarfi yana da muhimmanci, domin turaren gaske kullum akwai mai rinjaye a cikinsa, amma ya isa ya nuna cewa yawan zuba madara ba shi ne ke fitar da turare daga cikin tsara ba.

Idan kina son ki san wanne ne ginshiƙi a cikin kayanki tara, ki yi gwajin uku: kasko biyu da cikakken haɗi, ɗaya da wanda aka cire abu guda, mai shaƙa bai san wanne ne wanne ba, a ce ya nuna bare. Da irin wannan gwaji ne aka yi binciken Jami'ar Rockefeller na 2014 da ya ce mutum yana iya bambanta ƙamshi sama da tiriliyan ɗaya. Masana lissafi sun soki wannan adadi sosai, ni ma ba na rantsuwa da shi, amma abin da aka gani a gwajin yana nan: mutanen da ba za su iya faɗin abin da ke cikin kwalba ba suna iya nuna wadda ta bambanta.

Mai Turaren Gwange ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, Likita da Baban Ikram, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanena maganar karnukan nan, ya ce shi dai nasu ba haka suke ba, na bar shi a kan haka.

Na yi gwajin ukun jiya da yamma, sai dai hayaƙi ya ba ni wahala, domin da na kunna kasko uku a ɗaki ɗaya duk suka cakuɗe. Dole na koma turara ƙyalle uku na farin yadi, kowanne a ɗakinsa, na ninke na saka a leda, na sa 'yata ta yi musu alama a ɓoye yadda ni ma ban san wanne ne wanne ba. Mu biyar muka shaƙa. A kan mai rabin farce, huɗu daga cikinmu sun nuna baren, kuma babu wadda ta ambaci ƙarni ko kifi: ɗaya ta ce ya fi zaƙi, ɗaya ta ce kamar na kanti, ƙanwar mijina kuwa cewa ta yi ya tashi da wuri. Ina da wani tsohon haɗi da na taɓa yi babu gabgab lokacin da ya yanke a kasuwa, shi ma na gwada shi, mutum biyu ne kacal suka dace, kuma ni ba na cikinsu.

Na san mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, tunda ko da cinke ne ɗaya cikin uku zai dace, don haka zan maimaita ranar Juma'a idan matan unguwa sun taru. Malam, idan na zo gwada hawi da miski, shin in cire su gaba ɗaya ne ko in rage rabi kamar yadda na yi wa farce, kuma sai na jira kwana arba'in ɗin kafin in turara ƙyallen?